Robar tsohuwar talabijin da ta ƙi cin wuta: me ke cikinta, kuma ina haɗarin yake?

Tambaya daga wani mai gyaran talabijin da rediyo a Daura: "Assalamu alaikum Malam. Na tara murafen tsofaffin talabijin masu ƙeya a bayan shagona, wasu kuma na kai gida. Iyalina ta ɓalli guntun ɗaya za ta hura gawayi kamar yadda ake yi da leda, sai robar ta ƙi kamawa, tana narkewa tana baƙin hayaƙi mai ɗaci, da an janye ashana sai ta mutu. Wani ɗalibi ya ce mini akwai sinadarin buromin a ciki, wai guba ne, Turawa sun hana amfani da shi. Mene ne gaskiyar abin? Ni da nake taɓa su kullum ina cikin haɗari? Kuma in sayar wa 'yan jari bola ko in ƙone su in huta?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, tun kafin mu shiga bayani, ka roƙi uwargida ta bar hura wuta da robar nan daga yau, kai ma ka cire batun ƙonawa daga ranka. A cikin duk abin da ka lissafa, ƙonawar ce mafi muni, ta fi taɓawa nesa ba kusa ba. Ɗalibin da ya yi maka magana bai yi ƙarya ba, sai dai ya dunƙule zancen. Sinadaran hana wuta masu buromin dangi ne mai yawa, wasu an haramta su a duniya, wasu har yau ana zuba su a kayan lantarki, kuma ɗaya daga cikinsu yana cikin kusan kowane fanel, wato allon da ake dasa ƙananan kayan lantarki a kai, da kake yi wa dalma.

Shi buromin kansa ɗaya ne daga cikin sinadaran asali, na 35 a jerinsu, ɗan gida ɗaya da kulorin da aidin ɗin da ake sawa a gishiri. Wani Bafaranshe mai suna Antoine Balard ne ya fito da shi a 1826 daga ruwan gishirin fadamun Montpellier. In yana shi kaɗai, ruwa ne ja mai duhu, mai tururi mai shaƙe numfashi. Yau daga Tekun Gishiri na tsakanin Jodan da Isra'ila, da rijiyoyin ruwan gishiri na jihar Akansas a Amurka, da ƙasar Sin ake samo mafi yawansa. Amma abin da ke cikin murfin talabijin ba wannan jan ruwan ba ne. Farin gari ne marar wari, wanda aka ɗaure ƙwayoyin zarra na buromin a jikin zobban kabon, aka cuɗa shi da robar tun tana narke a masana'anta.

Abin da uwargida ta gani a bakin murhu shi ne ainihin aikin da aka sa shi ya yi. Roba ba ta ci da wuta kai tsaye. Zafi ne ke farfasa ta ta zama iskar gas, iskar ce ke ci a sama, zafin harshen wutar kuma ya koma ya ƙara farfasa robar da ke ƙasa. A cikin harshen wutar akwai wasu 'yan guntayen sinadarai marasa zama, musamman ƙwayar haidirojin tilo da wani guntun haidirojin haɗe da oksijin, waɗanda kowannensu in ya yi karo da iska sai ya haifar da wasu irinsa. Su ne ke riƙe da wutar. Ka ɗauke su kamar leburori ranar zubin kankaren bene, suna miƙa kwanon siminti hannu da hannu. Muddin layin bai yanke ba, aiki na tafiya. Da zafi ya kai wajen digiri 200 zuwa 300, sai buromin ya kwance daga jikin garin nan ya tashi a matsayin iskar haidirojin buromayid, ya shiga layin, ya karɓi kwano ya ƙi miƙawa. Guntayen masu zafin nama sun koma ruwa da iskar haidirojin, abin da ya rage shi ne ƙwayar buromin mai sanyin jiki, wadda kuma za ta sake fizgo haidirojin daga gas ɗin robar ta koma ta maimaita aikin. Shi ya sa da an janye ashana wutar ke mutuwa. Dalilin da ya sa aka zaɓi buromin a cikin danginsa kuwa shi ne ƙarfin ɗaurinsa da kabon ya zo daidai: na fulorin ya yi ƙarfi, ba ya kwancewa a kan lokaci, na aidin kuma ya yi rauni, tun a injin narka roba zai watse. Galibi ana haɗa shi da wani farin gari na antimoni, wanda ke ninka ƙarfin aikinsa.

Akwai abin da ake biya a kan wannan. Wutar da aka hana ta ci sosai tana ba da hayaƙi mai yawa, da iskar kabon monoksayid, irin wadda ke kashe mutane in an kwana da janareta a ɗaki, da kuma tururi mai cin maƙogwaro. Ɗacin da kuka ji ke nan.

Ba don wasa aka sa shi ba, dole a faɗi wannan. Kai ka fi ni sanin cikin talabijin mai ƙeya: wuta mai ƙarfin bolt dubu ashirin da wani abu, zafi, ƙura, ga kuma irin wutarmu da ke tafiya ta dawo da ƙarfi ba sallama. Ma'aunin da masana'antu ke bi, wanda ake rubutawa UL 94, matakinsa na V-0 yana nufin in an kunna wa robar wuta aka janye, ta mutu cikin daƙiƙa 10 ba tare da ɗigo mai ci ba. Tartsatsi ɗaya a cikin akwati da dare, wannan daƙiƙa goman na iya zama bambanci tsakanin sayen sabuwar talabijin da rasa gida. Sai dai jinkirta kamawa kawai yake yi. In gobara ta riga ta girma, irin wadda ta ci Babbar Kasuwar Katsina a watan Maris na 2021, robar mai buromin ma ci take yi kamar kowace, hayaƙinta kuma ya fi muni.

Yanzu ga dangin. Wanda aka fi zubawa a murafen talabijin na shekarun 1980 zuwa farkon 2000 shi ne wanda ake kira deka, daga rukunin PBDE. Siffarsa zobe biyu ne na kabon, oksijin ɗaya ya haɗa su a tsakiya, ƙwayoyin buromin goma sun kewaye su. Kashi 83 cikin 100 na nauyinsa buromin ne, kuma akan zuba shi har ya kai kashi 10 zuwa 15 na nauyin robar. Wato murfin da ya kai kilo biyu na iya ɗauke da giram 200 zuwa 300 na garin. Ƙannensa biyu su ne penta, wanda aka fi sawa a soson kujeru, da okta, wanda ya fi yawa a akwatunan tsofaffin kwamfutoci. Akwai HBCD, na farin soson da Turawa ke sawa a bango don tare sanyi. Sai TBBPA, wanda ya fi kowanne yawa a kasuwar duniya, mai buromin huɗu, kusan kashi 59 na nauyinsa.

Bambancin da ya fi muhimmanci gare ka yana nan. Deka cuɗa shi kawai aka yi da roba, ba a ɗaure yake da ita ba, saboda haka duk lokacin da robar ta goge, ta tsage, ko rana ta cinye ta, yana fita tare da ƙura. TBBPA na cikin fanel kuwa an sa shi ya shiga ginin ƙaron da ke riƙe da fanel ɗin, ya zama ɓangaren jikinsa, ba ya fita da sauƙi sai an ƙona ko an niƙa. Koren fanel ɗin nan da ake rubuta wa FR-4 yawanci haka yake. Don haka fanel ɗin da kake riƙewa kullum bai kai murfin da ka jibge a rana abin damuwa ba.

Ka juya murfin ka duba cikinsa, sau da yawa akwai tambarin da aka buga a jikin robar. In ka ga PS-HI ko HIPS ko ABS, sunan robar ne. In FR ya biyo baya da lamba, lambar ce ke faɗin irin maganin wutar. Daga 14 zuwa 21 duk masu buromin ne; 18 da 19 su ne PBDE; 40 kuwa na fosforas ne, ba buromin a ciki. Tsofaffi da yawa ba su da tambarin ko kaɗan, kuma rashinsa ba shaidar tsabta ba ce. Wanda ya ƙi cin wuta a hannun uwargida ya riga ya ba da shaida a kan kansa.

Yadda aka gane illar waɗannan sinadarai yana da tarihi mai ɗaci. A 1973, a jihar Mishigan ta Amurka, wani kamfani da ke yin maganin wuta mai suna FireMaster, daga wani rukuni mai buromin da ake kira PBB, yana kuma yin garin ƙarin abincin shanu mai suna NutriMaster. Buhuna suka cakuɗe, aka kai na wuta injin haɗa abincin dabbobi. Shanu suka rame, nono ya ragu, ana ɓarin 'yan maruƙa, ba a gano dalili ba sai a 1974, bayan mutanen jihar sun kusa shekara suna shan madarar suna cin naman. An killace gonaki fiye da 500, an hallaka shanu kusan 30,000 da kaji kusan miliyan ɗaya da rabi. Bayan shekara arba'in ana gwada jinin mutanen ana samun sinadarin. Duk mai kiwo a ƙasar Daura, da duk mai shan fura da nono, ya san abin da wannan ke nufi ba sai an yi masa dogon bayani ba.

PBDE ne suka maye gurbin PBB, aka ɗauka an huta. Sai a ƙarshen shekarun 1990 masu bincike a Suwidin suka auna nonon iyaye mata da aka adana tun daga 1972 zuwa 1997, suka ga yawan PBDE a ciki yana ninkawa kusan duk shekara biyar. A Amurka abin ya fi haka, ninki goma ko fiye na Turai, saboda wata dokar jihar Kalifoniya ta 1975 da ta sa masu kujeru cika soso da penta. Tarayyar Turai ta haramta penta da okta a 2004. Yarjejeniyar Sitokholm kan sinadarai masu daɗewa ba su ruɓe ba, wadda Najeriya ke cikinta, ta sa su a jerin haramtattu a 2009, HBCD a 2013, deka kuma a 2017. TBBPA ba ya cikin jerin. To amma haramci a takarda ba ya kwashe abin da aka riga aka ƙera. Talabijin ɗin da aka yi a 1998, aka yi amfani da ita a Jamus, ta sauka Legas a kwantena, ta bi ta kasuwar Alaba ta iso shagonka, tana nan da garinta cif. Masu bincike na Jami'ar Ibadan sun gwada ɗaruruwan murafen talabijin da na kwamfuta a Najeriya, sun kuma samu waɗannan sinadarai a cikin wani kaso nasu.

A jikin mutum, matsalar ita ce ba sa narkewa a ruwa, a mai suke narkewa. Sai su zauna a kitse, da hanta, da nonon uwa, su kuma ratsa mahaifa. Akwai wata halitta a wuya da ake kira tayirod, wadda in ta kumbura ake cewa maƙoƙo. Sinadarin da take fitarwa don tafiyar da girman jiki da ginin ƙwaƙwalwar jariri shi ma zobe biyu ne da oksijin a tsakiya, sai dai aidin huɗu ne a jikinsa maimakon buromin. Kamannin ya yi yawa, har jiki na iya ruɗewa, abin da hanta ta sarrafa daga PBDE ya hau motar da ke ɗaukar sinadarin tayirod a jini. Wani nazari na 2017 da ya tattara binciken da aka yi kan yara ya nuna cewa duk ninki goma na PBDE a jikin uwa ko ɗa yana tafiya da raguwar kusan maki 3.7 a ma'aunin kaifin basira. Ga yaro ɗaya ba za ka lura ba. Ga yaran gari guda, asara ce babba. Wannan ya fi shafar dangin penta, masu shekaru a jiki. Deka, saboda girmansa, jiki ba ya tsotse shi sosai, kuma rabinsa na fita daga jini cikin kusan kwana 15. Abin da ya hana a ce masa lafiya lau shi ne hasken rana da jikin dabbobi suna ciccire masa buromin, ya koma ƙananan nan masu daɗewa. Tarin da ke bayan shagonka yana shan ranar Daura kowace safiya. TBBPA yana fita daga jiki cikin 'yan kwanaki, amma a 2016 hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke Liyon ta sa shi a rukunin 2A, na abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar daji, bisa gwajin ɓeraye da yadda yake aiki a jiki.

Don haka, riƙe murfi da hannu ba shi ne babbar ƙofa ba. Ƙura ce, daga hannu zuwa baki, sai kuma abinci. Yaro mai rarrafe ya fi ka haɗiye ƙura, ga shi jikinsa ƙarami.

Mu dawo kan wuta, don a nan ne na fi so ka tsaya. Na ce maka deka zobe biyu ne da oksijin ya haɗa. In zafi ya sa zobban biyu suka ƙara ɗaure da juna ta wani gefen, abin da aka samu shi ne fiyuran mai buromin, ɗan'uwan dayoksin, kuma waɗannan suna cikin mafiya guba a abin da kimiyya ta taɓa aunawa. Taku ɗaya ne tsakanin deka da wannan guba. Zafin da ya fi haifar da su shi ne na wuta mai cin rai-rai, digiri ɗari uku zuwa ɗari biyar, wato daidai wutar murhu da ta juji. Tandun ƙona shara na Turai doka ta ce ya kai digiri 850, in sharar mai haɗari ce mai yawan kulorin ko danginsa kuma 1,100, da matatun hayaƙi a kai. Ba mai samun wannan a bayan gida. Gubar tana bin hayaƙi ta sauka kan tuwon da ke kan wuta, tana kuma zama a toka. Tokar kuwa akan share ta a zuba a kwandon shara ko a kai gona da taki, kaji su yi tono a ciki. A 2019 an gwada ƙwan kajin da ke kiwo a Agbogbloshie, wurin da ake ƙona kayan lantarki a lokacin a Akara ta ƙasar Gana, aka samu ƙwai ɗaya na ɗauke da dayoksin mai kulorin ninki 220 na abin da hukumar abinci ta Turai ta ce jiki zai iya ɗauka a rana, nau'in mai buromin kuma yana cikin mafi yawa da aka taɓa gani a ƙwai. Samarin da ke ƙona waya don fitar da tagulla a gefen garuruwanmu suna yin abu makamancin wannan. Rigar wayar galibi roba ce mai kulorin, ba buromin ba, amma tagullar kanta tana hanzarta haihuwar dayoksin. Fere waya da wuƙa ya fi wahala, amma tagullar tana fita da haskenta, ba kuma wanda ya shaƙi komai.

Hura wutar da aka yi sau ɗaya ko biyu ba abin tayar da hankali ba ne, kada ka sa wa iyalinka fargaba. A kwashe tokar wannan murhun a ƙulle a leda, kada ta je wurin kaji ko gona. In akwai mai shayarwa a gidan ta ci gaba da shayarwa. Amfanin nonon uwa ya rinjayi wannan nesa.

Batun 'yan jari bola ya fi wuya, kuma ba zan yi maka alkawarin amsa mai tsabta ba. In ka sayar, robar za ta je injin niƙa, a narka ta, ta dawo kasuwa a wata siffa. In ta koma akwatin batir ko abin da ba ya taɓa abinci, da sauƙi. In ta koma ludayi, ko kwanon abinci, ko abin wasan yara, an ɗauko matsala daga bayan shago an kai ta baki. Ana yawan yi wa robar da aka sake narkawa baƙin launi don ɓoye gaurayenta, shi ya sa baƙar roba ta yi ƙaurin suna. A 2024 wani bincike a Amurka ya samu deka a baƙaƙen cokulan girki, labari ya karaɗe duniya, daga baya aka gano masu binciken sun yi kuskuren lissafi na ninki goma wajen kwatanta shi da ma'aunin haɗari. Sinadarin na nan a cokulan, amma bai kai yadda aka fara yayatawa ba. Ni dai a ganina, muciya da ludayin duma ko na ƙarfe sun fi baƙin cokalin roba marar suna a cikin mai mai zafi, ba tare da an zubar da duk wata baƙar roba ta gida ba.

Masu sarrafa roba da suka san aikinsu suna iya warewa. Robar talabijin marar magani nauyinta kusan 1.05 ne a kan na ruwa, mai buromin kuma takan wuce 1.1. In aka narka gishiri kusan kilo ɗaya da rabi a lita goma na ruwa, marar maganin ta taso, mai maganin ta nutse. Ba cikakken gwaji ba ne, don akwai wasu robobin masu nauyi da su ma ke nutsewa, amma wanda ya taso ya fi aminci. A dokance kuma, ƙa'idojin kayan lantarki da hukumar kare muhalli ta NESREA ta fitar a 2011, aka sabunta a 2022, sun ɗora wa masu ƙera kaya da masu shigo da su alhakin karɓar su in sun mutu, ko da yake tsarin tattarawar ya fi ƙarfi a Legas.

Abin da zan ba ka shawara a kai shi ne ka dawo da waɗanda ka kai gida shago, ka tara su duka a inuwa, a kan dakali ko katako, ka rufe da tamfol, kada ka farfasa su don rage wuri. In za ka sayar, ka sayar da su ɗungurungum, ka ware masu lamba 14 zuwa 21 da marasa tambari gefe guda, ka faɗa wa mai saye abin da ke ciki, ka fifita wanda ke kai wa masu yin kayan da ba na abinci ba. A cikin shago, ƙurar cikin akwatin talabijin ta fi kowace ƙura ɗaukar sinadarin, don ta shekara tana shan zafi a jikin robar. Kada ka hure ta da baki ko da injin hura iska a cikin ɗaki. Ka fita waje, ka sa takunkumi, ka goge da jiƙaƙƙen tsumma. Lokacin hunturu a yayyafa ruwa kafin shara. Ka wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, har da goro da rake, yaran shago ma haka, kuma rigar aiki ta kwana a shago maimakon a kan tabarmar yara. Wajen dalma, kada ka bar bakin ƙarfen ya daɗe har fanel ya yi baƙi yana hayaƙi, ka kuma zauna inda iska ke ɗauke hayaƙin daga fuskarka. A can ma gubar dalmar kanta ta fi buromin zama abin lura, haka gilashin ƙeyar talabijin, wanda ke ɗauke da dalma mai yawa, don haka shi ma kada a fasa shi.

Wani zai iya haɗa maka wannan da buromet ɗin burodi da hukumar NAFDAC ta hana tun zamanin Dora Akunyili. Buromin na cikin duka biyun, amma sinadarai ne daban, aikinsu daban, illarsu daban. Wancan gishiri ne mai narkewa a ruwa da aka fi jin tsoronsa a kan ƙoda. Sababbin talabijin masu faɗi kuwa da yawa sun koma maganin fosforas, wasu kuma suna amfani da wani mai buromin da ake kira DBDPE, wanda siffarsa ta yi kusa da ta deka ƙwarai, don haka murafensu ma a ajiye su nesa da murhu.